Tukunyar Gida, Abincin Bahar Rum, Yanke Tuwo ko Azumi: Wanne Zai Kare Zuciyar Mai PCOS a Ƙauye?

Ranar da ƙanwata ta dawo daga Dutse da takardar sikanin a hannu, an rubuta PCOS a ƙasanta, tambayar kowa a gidanmu ɗaya ce: to yaushe za ta haihu? Shekararta huɗu a ɗaki a lokacin, ba ta taɓa ko ɓari ba. Ni da nake aiki a ƙaramin asibitin ƙauye a yankin Ringim, wani abin ne daban ya hana ni barci. Na auna jininta ya nuna 138 bisa 88, wato jinin ya fara hawa, tana 'yar shekara 27. Bayan wuyanta ya yi baƙi, ya yi kauri, ta sha dirje shi da soso har ya yi ciwo. Ta ce min, "Yaya, wallahi ba ƙazanta ba ce." Na ce na sani. Wannan baƙin alama ce ta cewa jiki ya fara ƙin jin sinadarin insulin, kuma ta wannan ƙofar ce matsalar take bi ta isa zuciya.

PCOS rikicewar sinadaran jikin mace ce: al'ada ta tsallake wata biyu ko uku, gashi ya fito a haɓa, fuska ta yi ƙuraje, ƙwai ya ƙi fita a kan kari. Wasu likitoci biyu a Shikago, Stein da Leventhal, su suka bayyana ta a 1935. Tana samun kusan mace ɗaya cikin goma a shekarun haihuwa, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce har kashi 70 cikin ɗari na masu ita ba a gano suna da ita ba. Insulin shi ke shigar da suga daga jini zuwa tsoka. A jikin yawancin masu PCOS, har da sirara, tsokar ba ta amsa masa da wuri, sai jiki ya yi ta ƙaro shi. Yawansa kuwa yana tara kitse a tumbi, yana ƙara sinadarin maza, yana lalata daidaiton kitsen jini. Ƙarshen wannan hanya ciwon suga ne da hawan jini, su kuma su ne ke cinye jijiyoyin zuciya da na ƙwaƙwalwa a hankali. Mace za ta haihu ko ba za ta haihu ba, wannan yana hannun Allah da kulawar likita, amma zuciyar nan da ita za ta rayu har tsufa.

Da ƙanwata ta shiga waya neman mafita, sai ta rikice. Wannan ta ce a bar tuwo kwata-kwata, waccan ta ce man zaitun, wata ta ce azumi. Na san ba ita kaɗai ba ce, shi ya sa na zauna na jera hanyoyin nan.

Ma'aunan da na yi amfani da su

Na farko, me tsarin yake yi wa zuciya. Abu huɗu ake dubawa: hawan jini, sugan jini, kitsen jini, da faɗin ƙugu. Na ƙarshen nan ba ya buƙatar asibiti, tef ɗin tela ya isa. A zagaya shi saitin cibiya ko sama kaɗan: daga santimita 80, wato inci 31 da rabi, haɗari ya fara, daga 88, kusan inci 35, ya yi yawa.

Na biyu kuɗi: kayan suna rumbu ko kasuwar Gujungu ranar Lahadi, ko kuwa sai an aika Kano? Na uku ɗorewa: tsarin da ya yi daɗi da kaka zai kai tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa? Na huɗu sauƙi, kuma a wurina shi ne babba. Matar ƙauye ba ta girka wa kanta ita kaɗai. Tukunya ɗaya ce, ta maigida da yara da uwar miji, wata rana ma girkin abokiyar zama ne. Duk tsarin da ya ce sai an ɗora tukunya ta biyu kullum ya riga ya faɗi rabi. Na biyar haɗari, musamman da yake yawancin masu wannan lalura suna neman ciki, kuma ciki kan shiga ba a sani ba, tunda dama al'adar ba ta da lissafi.

Tun da wuri a san wannan: ƙa'idojin kula da PCOS na duniya da aka sabunta a 2023, ƙarƙashin jagorancin Jami'ar Monash ta Ostireliya, sun ce babu wani tsarin abinci guda da aka tabbatar ya fi sauran ga masu wannan lalura. Ke nan zaɓin ya koma kan wanda mace za ta iya riƙewa. Kuma ga mai ƙiba, rage kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyi yana kawo canji a suga da al'ada. Mai kilo 80 ke nan kilo 4 zuwa 8 ake nema, ba a ce ta koma kamar kara ba.

Hanya ta ɗaya: gyara tukunyar gida

Turawa suna da wani tsari da suke kira DASH, wanda aka tsara don sauke hawan jini. An buga sakamakon gwajinsa a Amurka a 1997, a kan mutum 459, fiye da rabinsu baƙar fata. Cikin mako takwas, masu hawan jini a cikinsu awonsu na sama ya sauka da kusan maki 11. Gwajin da ya biyo baya a 2001 ya nuna idan aka haɗa da rage gishiri saukar tana ƙaruwa. An kuma yi ƙananan gwaje-gwaje a Iran a kan masu PCOS, aka ga nauyi da insulin sun yi sauƙi. Da na karanta abin da tsarin ya ƙunsa, hatsi da dusarsa, wake, ganye, gyaɗa, nono marar maiƙo, nama kaɗan, suga kaɗan, sai na ga ai abincin kakanninmu ne kafin taliya da burodi da lemon kwalba su shigo.

Ga yadda yake a kwano. Malmalar tuwo ɗaya daidai dunƙulen hannu, na dawa ko gero wanda ba a surfe shi har ya yi fari tas ba. Miya ta fi tuwo yawa: kuka, kuɓewa, karkashi, lalo, yakuwa, taushe da kabewa da alayyafo. Wake ya shigo kusan kullum, ko a shinkafa inda waken zai rinjayi shinkafar, ko ɗan wake, ko tubani, ko alala. Kwaɗon zogale ko rama da ƙuli-ƙuli ya tashi daga abin marmari ya koma abincin rana. Dambun gero mai ganye ya fi kunu riƙe ciki, don abin da aka niƙa lukwi aka dama yana shiga jini da sauri, balle an zuba masa suga cokali uku. Fura da nono ba laifi, sugan ne da yawan furar abin lura.

Gishiri kuwa a nan gizo ke saƙa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 a yini, wato ƙaramin cokalin shayi ɗaya, duk abin da ya ci a haɗe. Mu kuwa ta ƙofa uku yake shigo mana: gishirin kansa, dunƙulen magi wanda kusan rabinsa gishiri ne, da kanwa, wadda ita ma sinadarin da ke ɗaga jini a gishiri ne ya cika ta. Yajin da ake barbaɗawa a ɗan wake ma da gishirinsa da maginsa. Abin da ƙanwata ta yi shi ne ta rage dunƙule ɗaya a miya ba ta gaya wa kowa ba, ta ƙara daddawa da albasa da citta da tafarnuwa. Bayan mako biyu ta sake rage ɗaya. Uwar mijinta ce ta fara lura, ta ce, "Ke 'yar nan, miyarki ta koma irin ta da." Ta amsa, "Inna, likita ne ya ce a rage saboda jini." Tsohuwar da ma tana shan maganin hawan jini, sai ta zama ita ce mai tsare dokar a gidan.

Kuɗinsa bai wuce na cefanen da aka saba ba, wani lokaci ma ƙasa, don kuɗin magi da suga da lemo sun ragu. Yana ɗorewa idan an yi tanadi: a shanya zogale da rama da kuɓewa a inuwa tun da kaka, a adana wake a buhun da ba ya shan iska. Rauninsa shi ne ba ya nuna sakamako da gaggawa, sai an yi watanni, kuma ranar da girki ba naki ba ne sai dai ki rage a kwanonki. Haɗarinsa kaɗan ne, mai ciki ma za ta iya binsa. Mai ciwon ƙoda ce kawai za ta tambayi likita kafin ta yawaita ganye da wake. Gyaɗar da ta yi fumfuna kuma a zubar, gubarta hanta take ci.

Hanya ta biyu: abincin Bahar Rum

Wannan shi ne cimar mutanen Girka da kudancin Italiya da Sifen: man zaitun, kifi, ganye, wake, 'ya'yan itace, gyaɗar Turai. A kan kare zuciya shi ya fi kowanne hujja. Wani babban gwaji a Sifen mai suna PREDIMED, da ya haɗa mutum sama da 7,000, ya nuna bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki sun ragu da kusan kashi 30 cikin ɗari. An buga shi a 2013, aka gano kuskure a yadda aka raba wasu mahalarta, aka gyara aka sake bugawa a 2018, sakamakon bai canza sosai ba. Sai dai dattawa ne aka gwada, 'yan shekara 55 zuwa 80, ba matasan mata masu PCOS ba.

Matsalarsa a wurinmu aljihu ce. Man zaitun na girki mai kyau sai manyan kantunan birni, kwalba ɗaya ta cinye kuɗin cefanen kwanaki, kuma jabu ya yi yawa. Ba na ba kowa shawarar ta sayar da akuyarta don wannan. Amma ruhin tsarin yana nan a ƙofar gidanmu, wato maye gurbin kitsen dabba da man tsiro, da cin kifi maimakon jan nama. Jigawa ce gidan riɗi, a je kasuwar Maigatari ranar Alhamis a gani. Muna da man gyaɗa na matsa, muna da kifin fadamar Haɗejia ɗanye da banda. Wadda ta rage man shanu da kitse da manja, ta koma man gyaɗa ko na riɗi daidai kima, ta ci kifi sau biyu a mako, ta ɗebi rabon da za ta iya daga wannan tsari. Mai kowane iri ne yana ƙara ƙiba idan ya yi yawa, kuma man suyar da aka yi ta maimaitawa har ya yi baƙi ba abokin zuciya ba ne.

Hanya ta uku: yanke tuwo gaba ɗaya

Shi ne wanda 'yan mata ke kira kito a waya. A bar tuwo, shinkafa, fura, rogo, dankali, har wake ma a taƙaita, a rayu da nama da ƙwai da mai da ganye. Asalinsa ba don rage ƙiba aka yi shi ba, a 1921 aka ƙirƙiro shi a asibitin Mayo na Amurka don masu farfaɗiya. Gaskiya ne yana sauke nauyi da suga da sauri, kuma ƙananan gwaje-gwaje na 'yan makonni a kan masu PCOS sun nuna haka. Ba na musun wannan.

Amma ta fuskar zuciya ina da tsoro. Idan man da aka cike gurbin tuwo da shi man shanu ne da kitsen rago, mugun kitsen jini yana iya hauhawa, kuma a ƙauye ba mu da inda za a riƙa auna shi kowane wata uku. Ga tsada: nama ko ƙwai sau uku a yini a gidan da ake ganin nama ranar kasuwa kawai. Ga tukunya ta biyu kullum, ga idon yara a kan kwanonki, ga maganar mutane. Ƙanwata ta gwada shi kwana goma sha ɗaya. Ciwon kai, jiri a bakin rijiya, bayan gida ya ƙi fita, daga ƙarshe ta zauna ta cinye malmala uku a zama ɗaya tana kuka. Bai dace da mai ciki ko mai shayarwa ba, kuma mai shan maganin suga irin su glibenclamide ko mai allurar insulin sugarta na iya faɗuwa warwas. Abin da za a ɗauka daga gare shi guda ne: rage farar shinkafa, taliya, burodi da kayan zaƙi. Wannan kuwa yana cikin hanya ta ɗaya.

Hanya ta huɗu: azumi da taƙaita lokacin ci

Ko dai Litinin da Alhamis, ko a tsayar da ci cikin awa takwas zuwa goma na yini, misali daga hantsi zuwa magariba. Ba ya cin ko sisi, ba ya buƙatar girki daban, kuma azumin nafila al'umma ta san shi, ba mai yi wa mace kallon baƙon abu, sai dai ta nemi yardar maigida idan yana gari. Bincike ya nuna ramar da yake kawowa kusan daidai take da ta rage abinci ta hanyar da aka saba, bai fi ba. Inda yake rushewa shi ne buɗa-baki. Wata macen kan fita daga watan Ramadan ta fi yadda ta shiga nauyi, saboda ƙosai da soyayyen dankali da kunu mai suga. Bai kamata ga mai ciki, mai shayarwa, mai gyambon ciki ko mai maganin suga ba sai da izinin likita. Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba: damuwa da ɗabi'ar ci babu ƙaƙƙautawa bayan an ƙuntata wa kai sun fi yawa a masu PCOS. Wadda ta san tana da wannan, azumin rage ƙiba zai ƙara mata ne.

| Hanya | Amfani ga zuciya | Kuɗi | Ɗorewa | Sauƙi a gidan yawa | Haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Gyara tukunyar gida | Babba, musamman hawan jini | Kaɗan | Shekaru | Tukunya ɗaya | Kaɗan |
| Bahar Rum na asali | Babba, hujja mai ƙarfi | Mai yawa | Sai mai hali | Da wuya | Kaɗan, sai jabun mai |
| Yanke tuwo | Suga na sauka, kitsen jini na iya hawa | Mai yawa | Makonni | Tukunya biyu | Babba ga mai ciki da mai magani |
| Azumi | Matsakaici | Babu | Ya danganta da buɗa-baki | Da sauƙi | Matsakaici |

Abin da ba ya cikin teburin

Motsa jiki ba kishiyar ɗaya daga cikin huɗun nan ba ne, abokin tafiyarsu ne, kuma yana sa tsoka ta ji insulin ko da nauyi bai ragu ba. Abin da ake so aƙalla minti 150 a mako, wato rabin awa sau biyar, da ƙarfin da numfashi zai ɗan hau amma ana iya magana, sai kuma aikin da ke ƙarfafa tsoka sau biyu a mako. Ana cewa matar ƙauye ai kullum cikin aiki take. Da can haka ne. Yanzu injin niƙa ya karɓe daka, famfo ya karɓe guga, babur ya karɓe tafiya, kuma wadda ke cikin kulle tana iya wuni a zaune tana tsinkar zogale ko ɗinkin hula. Ba sai an fita titi ba. Surfe da daka a turmi, jan ruwa, shara da sauri, zagaya tsakar gida minti goma bayan kowane cin abinci, duk suna shiga lissafi. Ƙanwata bayan sallar asuba take nata, kafin gida ya tashi, daga ƙofar ɗaki zuwa garken awaki ta dawo, sau arba'in.

Shayin rage tumbi da ake tallatawa a kasuwa da waya, yawancinsa maganin gudawa ne, ruwan jiki yake zubarwa ba kitse ba. Ƙwayoyin ƙiba da ake kira sha-ka-fashe kuwa, waɗanda wasu amare ke sha, suna ɗaga suga da jini, ga mai PCOS guba ne. Zoɓo marar suga yana ɗan sauke jini, amma ba ya maye gurbin magani, kuma mai ciki ta bar shi.

Duk hanyar da aka bi, awo yana nan: hawan jini aƙalla sau ɗaya a shekara, kitsen jini tun lokacin da aka gano lalurar, suga kowace shekara ɗaya zuwa uku. Na jini ana yi a asibitin ƙauye, sauran sai babban asibiti irin na Birnin Kudu ko Rasheed Shekoni a Dutse ko Aminu Kano. Idan al'ada ta ɗauke fiye da wata uku ba ciki, a ga likita saboda lafiyar mahaifa.

Wacce ga wa

Mai zaune a gidan yawa, kuɗin cefane a hannun maigida: gyaran tukunya, a fara da gishiri da suga, sai tafiyar tsakar gida.

Mai neman ciki yanzu: gyaran tukunya kawai. Ta bar kito da dogon azumi, ta fara shan ƙwayar folik asid tun kafin cikin ya shiga, a auna jininta da sugarta.

Mai albashi ko sana'a, malamar makaranta ko ma'aikaciyar lafiya da ke da iko da tukunyarta: gyaran tukunya, ta ɗora masa kifi da riɗi da 'ya'yan itace irin na Bahar Rum, gwaiba da kankana da gwanda a lokacinsu.

Mai ƙiba sosai da aka ce sugarta ta fara hawa: ta rage tuwo da shinkafa zuwa rabi, wake da ganye su cike gurbin. Idan likita ya rubuta mata maganin suga metformin ta sha, abinci ba ya hana magani. Kito sai in akwai likitan da zai riƙa bin awonta.

Wadda ba ta da matsala da irin abincin, ciye-ciyen dare ne ke kayar da ita, ba ta da ciki kuma ba ta shan maganin suga: ta rufe baki daga sallar isha'i, in ta so ta ƙara da Litinin da Alhamis.

Siririya mai PCOS: ba rama take nema ba, kada ta yi wa kanta yunwa. Ingancin abinci da ƙarfin tsoka da awo a kan kari su ne nata.

Wadda awonta ya kai 140 bisa 90 ko fiye, an maimaita a ranaku daban-daban ya tsaya a nan: ta je asibiti, ta gaya wa likita tana neman haihuwa, don akwai magungunan hawan jini da ba a ba mai ciki. Idan kuma tana shan ƙwayar daidaita al'ada ta faɗa, domin wasu daga cikinsu ba sa tafiya da hawan jini.